Kitson Yashi a Daron Baba

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za a mai da mu ɗaya bayan ɗaya. Baba ya riga mu tafiya. Ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, Mai shi ya karɓi abinSa a ɗakin da ke jikin madafata, nan Azare. Mahaifin maigidana ne. Shekara shida ya yi a hannunmu, tun da idonsa ya rufe aka ɗauko shi daga Katagum, inda ya ƙarar da ƙarfinsa yana fito, yana ƙetarar da mutane kogi da ƙafa.

Ban san Baba yana da jama'a haka ba sai da ya rasu. Motoci daga Katagum, daga Sakwa, har da wata tsohuwar akori-kura daga Disina. Ni ina cikin gida, amma zaurenmu ba ya riƙe magana, kuma ni Allah bai ba ni karatu mai yawa ba, kunne ya ba ni. Duk abin da maza suka faɗa a waje sai da ya shigo mini. Wani dattijo mai tari ya ce da idonsa ya ga ranar da Baba ya hana masu shanu shiga ruwa ta inda suka saba. Suka zage shi, ya tsaya musu a gaba da gorarsa, sai saniya ɗaya ta kufce ta shiga, yashi ya riƙe ta har wuya, da igiya aka ciro ta. Wani ya ce ai Baba da ƙafa yake gani, shi ya sa da idon ya tafi bai yi wani dogon kuka ba. A cikin gida kuma wata tsohuwa 'yar Sakwa ta riƙe hannuna ta ƙi saki, ta ce da cikin wata tara ta ƙetare kogi tana bin sawunsa, ruwa iya ƙirji, yana gaya mata inda za ta sa ƙafa kamar mai karanta allo.

Samarin unguwarmu su abin da suka sani daban ne. Na ji ɗaya ya yi ƙasa da murya ya ce ashe tsohon nan mai wasa da ƙasa ne ya rasu, ɗan'uwansa ya danne dariya. Ban riƙe su ba. Abin da suka gani ke nan in an aiko su cikin gida.

Baba yana da daro. Asali nawa ne, cikin kayan aurena, babba mai fenti shuɗi da tsatsa ta fara ci a baki. Ya sa aka zuba masa yashin mashiginsu na Katagum, kaurin tafin hannu, aka rufe da ruwa. A ƙarƙashin daron yana sa guntun taɓaryata da ta karye. Kullum da hantsi, in ya sha kununsa, sai ya zauna a kan buzu, ya kama bakin daron da hannu biyu yana jijjiga shi a kan taɓaryar. Ruwa ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya dawo. Can sai ya tsaya, ya jira ruwan ya kwanta, ya sa yatsu yana shafa ƙasan. Yashin da aka zuba sumul sai ka tarar ya yi layi-layi, tudu da kwari, kamar kan yarinya ranar salla. Shi kitso yake ce masa, ya ce ruwa ne makitsiyar.

Ranar da ya rasu sai da ya yi. Da na shiga ɗauko kwanon kunu na same shi a jingine da bango, hannun rigarsa bai ma bushe ba. Bayan an fita da shi, na koma ni kaɗai na kwashe ruwan da ludayi a hankali don kada layi ɗaya ya rushe, na tura daron bayan ƙyaure, na rufe da tsohuwar tabarma. A raina na ce in ya bushe zai zauna haka, abin da hannunsa ya yi na ƙarshe, in riƙa dubawa.

Ranar sadakar uku kwanuka suka yi mana yawa. Yayata da ta zo daga Misau, mace ce da ba ta iya ganin aiki ta wuce, ta shiga neman abin wanke-wanke ɗaki-ɗaki. Ta samo daron. Ta juye shi a gindin darbejiya inda muke zubar da ruwan wanke-wanke, ta wanke shi tas, ta cika shi da kwanuka. Har ta zo tana ba ni labari, wai ta tsinci daro mai kyau yara sun cika shi da ƙasa, in riƙa sa ido a kan kayana. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Mata suka taru suna ba ni haƙuri, suna cewa Allah sarki, ta shaƙu da surukinta.

Sun faɗi gaskiya, amma ba su san irin shaƙuwar ba. Shekara shida muna gida ɗaya, ni da Baba ba mu taɓa zama mun yi hira ba. Surukina ne. In shiga da sallama, in durƙusa, in ajiye abinci, in gaishe shi kaina a ƙasa, in fita. Haka na taso na ga ana yi, haka shi ma ya sani. To amma ni mai surutu ce, shi ma ashe haka, kuma tsakanin ɗakinsa da madafata bango ɗaya ne, da wata 'yar taga a sama da hayaƙi ya baƙanta. Sai Baba ya samo dabara. Da daro yake magana.

“Daro, ka gaya wa masu gidan nan kunun yau tsamiyarsa ta zo da 'yan rakiya.”

Ranar farko kunya ta kama ni. Rana ta biyu na kasa daurewa, na dubi turmina na ce, “Turmi, ka gaya wa daro tsamiyar bana ce haka, ba hannun mai damawa ba.”

Na ji dariyarsa ta bango, irin wadda take ƙarewa da tari. Daga ranar shi ke nan. Shi da daro, ni da turmi. Maigida ya dawo daga ofis wata rana ya tarar da mu a haka, ya tsaya a tsakar gida yana duban bango, ya ce gidan nan sai addu'a.

Ta wannan tagar na ji duk abin da na sani game da ruwa, ni da ban taɓa sa ƙafa a kogi ba, ko kududdufin bayan gari ba na zuwa. Baba yakan gaya wa daro cewa kitson ruwa iri biyu ne. Inda ruwa ke gudu ya yi gaba abinsa, kitson yakan kwanta ta gefe ɗaya, ya miƙe tsaye ta ɗayan, kuma tafiya yake yi a hankali yana bin ruwan. Mai fito in ya taka, ko a rufe idonsa yake, ya san inda ruwa ya nufa. Amma inda ruwa ke zuwa yana komawa, kamar lungun da iska ke kaɗawa, kitson yakan tsaya daidai ta kowane gefe, kansa siriri, ba ya zuwa ko'ina, don abin da ruwan ya ɗauka da tafiya shi yake mayarwa da dawowa. Inda kuwa ƙafa ta ji sumul a tsakiyar kogi, babu kitso ko ɗaya, nan ne yake tsayar da mutane. Ko dai ruwan ya yi ƙarfin da ya share komai, ko yashin sabon zubi ne bai zauna ba, irin mai haɗiye saniya.

Yakan kuma gwada wa daro abubuwa kamar malami da ɗalibinsa. In ya yi jijjiga mai tsawo, layukan su yi nesa da juna. In ya gajarta, su matso. Abin da ya fi ba shi daɗi shi ne ya sauya hannu a tsakiya. Ya ce in ka gajarta bayan ka yi mai faɗi, tsofaffin layukan ba sa gudu, ƙanana ne ke tsirowa a cikin kwarin da ke tsakaninsu, kamar 'ya'ya a tsakar gida. In kuma ka tsawaita bayan ka yi matsattse, sai su fara cin juna, biyu su zama ɗaya, wani wurin a bar layi mai baki biyu kamar tsagar makitsiyar da aka yi wa magana tana aiki. In hannu ya yi sanyi da yawa, yashi ba ya ko motsi, kitson jiya ne zai zauna yana kallonka. Duk wannan ina tuƙa tuwo nake ji, wani lokaci in ce wa turmi ya tambayi daro ko ruwan yana karɓar ladan kitso. Baba ya ce a gaya wa turmi ruwa ya fi matan Azare sauƙin kai.

Sau ɗaya muka ɓata, kuma laifina ne. Yashin nan na Katagum laushi gare shi, ga shi yana fitar da baƙin tukunya kamar me. In Baba ya tafi masallacin Juma'a sai in ɗebi ɗan kaɗan in goge tukwane. Yau kaɗan, wani mako kaɗan, har na ga ƙasan daron ya fara leƙowa. Tsoro ya kama ni. Maƙwabtanmu suna gini, na ɗebo yashinsu cikin kwano na cike gurbin, na shafe. A ganina yashi yashi ne.

Washegari na ji ruwa ya tafi ya dawo sau biyar ko shida, sai ya tsaya.

“Daro, wa ya kawo maka baƙi?”

Na tsaya a madafa da ludayi a hannu. Ya ce wa daron wannan yashi mai tsakuwa ne, kitsonsa gwara-gwara zai yi, ba irin nasu ba ne. Daga nan bai ƙara ba. Kwana huɗu ba a jijjiga daro ba, ba a aiko wa masu gida da saƙo ba, kunu ko ya yi tsami ko bai yi ba sai dai kwano ya dawo rabi. Da zagi ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na gaya wa maigida gaskiya, ya yi faɗa, ya ce shi dama wannan wasan ƙasa kunya yake ba shi in baƙi sun zo, mutum da girmansa. Amma ranar Asabar ya hau mota ya tafi Katagum, ya dawo da rabin buhu daga mashigin. Baba ya sa hannu a buhun, ya murza, ya kai hanci. Sai na ji ya ce wa daro a gaya wa turmi in tukunya ta yi baƙi akwai toka a gidan nan, kuma an yafe.

Ya sha gayyata ta, a irin hanyarsa. Yakan ce wa daro, da za a samu wani mai lafiyar ido ya zo ya duba masa ko layukan sun miƙe. Ni kuma in ce wa turmi hannuna da ƙullu. Ina so, Allah ya sani ina so. Amma in zauna gwiwa da gwiwa da surukina, hannuna da nasa cikin ruwa ɗaya, ban san ta inda zan fara ba. Kullum ina cewa sai wata rana.

Sau ɗaya dai na saci taɓawa. Ya fita alwala, na shiga share ɗaki, na durƙusa na sa hannu. Tsakanin layi da layi yatsuna uku ne cif, na gwada wuri uku duk haka. Garin cirowa ɗan yatsana ya bar rami. Da ya dawo ya shafa, sai ya yi 'yar dariya ya ce an yi musu baƙo mai ƙananan yatsu. Na ji kamar in nutse a madafa. Ya ce wa daro kada ya damu, ai kitso dama daga irin wannan yake farawa, daga ɗan rami ko 'yar tsakuwa, nan ruwa ke samun abin kamawa, sauran layukan su jeru a bayansa. Ya jijjiga, ya shafa, ya ce ga shi nan, layin baƙo ya fi na kowa kyau.

Abin da ban sani ba sai da Goggo ta gaya mini, ƙanwarsa da ke aure a Sakwa, wadda ta zauna da mu har bakwai. Ita kaɗai ta gane abin da ya sa ni kuka ranar uku. Ta kira ni ɗakinsa ta tambaye ni ko na lura, duk wasan da zai yi da daron, da kalar jijjiga ɗaya yake rufewa. Na ce na lura, ina ma iya jin ta yanzu. Ta ce a gefen mashiginsu akwai wani lungu da ruwa ke kwanciya, iskar la'asar tana kaɗa shi. Nan surukata, wadda ban riska ba, take wanki tana jiran ya gama fito su koma gida tare. In ya fito daga kogi ta nan yake biyowa, ƙafarsa ta san kitson wurin. Shi yake nema kullum da hantsi.

Na ce to a je a ɗebo wani yashin. Goggo ta girgiza kai. “'Yar nan, masu tifa sun kwashe wurin tun bara. Rami ne yanzu. Ba mu gaya masa ba.”

Na rabin buhun nan kuwa ya daɗe da ƙarewa, ashe abin da ke gindin darbejiya shi ne ya rage. Da yamma na ɗauki tsintsiya da faranti na je na durƙusa. Ya haɗe da toka, da ƙwayar shinkafa, da kashin kaji, an tattaka shi kwana huɗu. Na kwashe har da ƙasar wurin. Kwana uku ina tankaɗe shi da rariya, ina wankewa ina tsiyayewa kamar mai rege gero, har ya koma launinsa. Ya ragu, bai kai kaurin tafin hannu ba, amma ya rufe ƙasan daron. Yayata da ta ji labari ta bugo waya tana kuka, na ce mata ta bari, aikin alheri ta zo yi.

Bayan arba'in na shiga ɗakin, na sa taɓarya, na zauna a kan buzunsa na kama daron. Na jijjiga. Ruwa ya fantsamo mini a zane, yashi ya taru gefe guda. Na rage hannu, bai motsa ba. Kwana biyar ina yi. Wata rana in samu layuka ƙanana kamar na yatsa ɗaya, wata rana manya a karkace. Na san sautin da nake nema, yana cikin kaina, amma a kusa ruwan wani iri yake yi mini a kunne. Sai a rana ta shida na gane dalili. Ni ban taɓa jin daron nan daga cikin ɗaki ba. Ta bango na san shi.

Ranar Asabar ce, maigida yana gida. Na same shi yana shan shayi na ce ina son ya ara mini hannunsa. Da ya ji abin da nake nufi ya ce in rufa masa asiri, shi da furfurarsa. Na ce babu kowa a gidan sai ni, kuma ni na riga na san furfurar. Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya tashi, ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya shiga ɗakin mahaifinsa, wanda tun ranar rasuwar bai taka ba.

Na koma madafa, na tsaya inda nake tsayawa, gefen turmi, ƙarƙashin tagar. Ya fara. Na ce ya yi sauri da yawa, ba mota yake turawa ba. Ya rage. Na ce ya bar ruwan ya kai bango kafin ya dawo da shi. Na ce tafiyar ta fi dawowar nauyi, ya daidaita su. Ya ce ta bango wai ni da ban taɓa ganin kogi ba nake koya wa ɗan mai fito. Na ce ɗan mai fiton ya ci gaba dai. Muka yi ta yi, ƙara kaɗan, rage kaɗan, har na daina magana ban sani ba. Ruwan ya tafi ya bugi baki, ya ɗan numfasa, ya dawo ya bugi ɗaya bakin. Shi ne. Hantsin shekara shida ya dawo mini gaba ɗaya, har na ji kamar za a ce kunu ya yi tsami.

Na ce, “Malam, riƙe nan. Kada ka sauya.”

Ya riƙe. Na bar shi ya yi kamar tsawon da Baba ke yi, wato daga ɗora ruwan tuwo zuwa tafasarsa, sannan na ce ya saki. Na zagaya na shiga. Karo na farko ke nan da na zauna da wani a ɗakin nan gaban daron ba tare da na sunkuyar da kai ba. Muka jira ruwan ya kwanta. Layukan suna nan a jere, kansu siriri, daidai ta kowane gefe. Na sa hannu. Yatsu uku cif.

Maigida ya sa nasa hannun yana shafawa a hankali, daga wannan baki zuwa wancan. Ya ce ya san wannan. Ya ce yana ƙarami ya sha taka shi, a inda innarsa ke wanki, ya manta sai yanzu. Sai ya juya fuskarsa wajen bango.

Wannan karon ban kwashe ruwan ba. Na bar shi, don ranar Asabar mai zuwa za a sake.

Na dubi daron, na yi abin da ban taɓa yi ba, na bar turmi a madafa na yi magana da shi kai tsaye.

“Daro, ka gaya wa Baba an duba masa. Layukan sun miƙe.”

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa. Ya ƙetarar da bayinKa ba adadi, yana gaba suna bin sawunsa. Ka ƙetarar da shi lafiya, Ka sa ya tarar ana jiransa a wancan bakin.